Saƙon Gas da Likkafanin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da waccan Alhamis ɗin ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu Briketeri ba za su bar ni ba.

Kawuna Alhaji Mamuda yana da depo na tukwanen gas, butel muke ce musu. Mu ke kai wa shaguna da gidajen abinci tun daga unguwarmu har unguwannin Messa da Tsinga da Madagascar. Ni ne ɗan bokon gidan, don na yi shekara biyu a makarantar kasuwanci (ban gama ba, amma ba a tayar da wannan zancen a gaban Kawu). A shekarar ne hawan jini ya kwantar da Kawu sati biyu a asibiti, duk unguwa ta je dubiya. Da ya fito ya kira ni ya ce ya gaji, zai bar mini depo, amma sai na gyara masa abu ɗaya tukuna.

Abin kuwa shi ne, duk ranar da gas ya yanke a gari wayoyinmu ba sa hutawa, kowa na tambayar yaushe mota za ta iso. Muna da aplikasiyon na waya da kiliyan ɗinmu, wato masu sayen gas a wurinmu, ke yin oda da shi, sai dai ba ya sanar da kowa komai. Kawu na son in zaɓo kamfanin da zai riƙa tura irin saƙon nan da ke faɗowa a fuskar waya da ƙara, ko mutum bai buɗe komai ba. Na ce masa ai wannan ƙaramin aiki ne. Wallahi ko sunan abin ban iya faɗa daidai ba a lokacin.

Ta farko da ta zo wata madam ce daga wani buro, wato ofis, a Tsinga. Gaisuwar bonjour ɗaya ta yi, ta buɗe na'ura, ta hau ni da tambayoyi. Haruffa nawa muke so su fito a fuskar waya? In mutum ya taɓa saƙon, ina zai kai shi? Za mu ware direbobi daban da kiliyan? Mutum nawa za mu sa a rukunin gwaji? Ni kuwa sai gyaɗa kai nake ina “oui, oui, bien sûr”, wato eh, eh, tabbas, kaina na juyawa kamar an sa ni lissafin gado.

Ta cire tabarau ta ce, “Monsieur, nawa na ce. Ba a amsa nawa da oui.”

Nan take na ji ba na son kamfaninta.

Na biyu shi ne Malam Bakari, mutumin Garuwa. Kai, wannan ya san mutane! Ya tambayi jikin Kawu, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, muka fita muka ci soya, wato tsire, tare. Da na tambaye shi yadda nasu ke aiki sai ya ce, “Alaji, namu ba wahala. Ka rubuta, ka danna, ya tafi.” Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi komai ba, muka rabu kowa na ganin girman kowa. Shi na zaɓa.

Ranar Alhamis ɗin mota ta iso daga Douala da asuba, bayan kwana goma babu gas. Na ce yau ce ranar nuna wa Kawu. Muka zauna a buro wajen ƙarfe goma, ni da shi da Malam Bakari. Kawu na da doka, in ana zama kowa ya kashe waya ya jefa a durowa. Tawa kaɗai aka bari a kan tebur don gwaji.

Sai aka zo rubutu. To a cikin kiliyan ɗinmu akwai alhazai sa'annin mahaifina. Haba, ta yaya zan rubuta musu “gas ya zo” kawai, kamar ina kiran awaki? Na gyara zama na rubuta yadda aka koya mana a gida: “Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyalan Alhaji Mamuda na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa, cikin ikon Allah, yau da asuba Alhaji ya samu motar gas daga Douala. A zo da butel.” Na karanta sau biyu, har na burge kaina.

Kafin in danna na tambayi Malam Bakari, “Wayata kaɗai zai shiga, ko?”

Ya ce, “Normalement.” Wai haka dai ya kamata.

Na danna. Wayata ta yi ƙara, Kawu ya ce madalla, ya jawo shayinsa. Na leƙa na ga saƙon ya tsaya a kan “yau da asuba Alhaji ya”, sai ɗigo uku. Na taɓa don in ga sauran, sai ya kai ni shafin oda, saƙon ya ɓace. Na ce a raina ɗan gyara ne, ba sai na ɗaga wa Kawu hankali ba. (Ku lura, har a nan ban gane komai ba.)

Ba a yi minti ashirin ba na fara jin babura a waje. Na ce, “Kawu, ka ji aiki! Bari in duba su.” Ko tambayar kaina ban yi ba, ta yaya suka sani in wayata kaɗai saƙon ya shiga.

Na fito na tarar da mutane, amma ba mai riƙe da butel ko ɗaya. Wasu na shimfiɗa tabarmi a ƙofar depo. Malam Isiyaka tela, na layin bayanmu, ya nufo ni da farin yadi a hammata, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Sai haƙuri. Ƙarfe nawa za a fita da shi?”

Na ce, “Da wa?”

Ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, “Yaron bai dawo hayyacinsa ba.”

Na ɗauka wani ne ya rasu a gida aka kasa samun Kawu don wayarsa na durowa. Aka yi ta miƙo mini hannu ana Allah ya jiƙansa, ni kuma ina amin, amin, har hawaye suka zubo mini, ban san wa nake yi wa kuka ba.

Ina cikin haka babur ya sauke Goggo Dije, yayar Kawu, tun daga Madagascar, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ture ni ta faɗa buro, na bi ta. Ga Kawu yana tsoma burodi a shayi.

Ta ƙwala salati ta dafe bango. “Mamuda! Kai ne, ko idona ne?”

“Yaya, lafiya? Wa ya mutu?”

“Kai mana!”

Ta ce mai shagon da ke maƙwabtaka da ita ne ya karanta mata a wayarsa, ta kuma maimaita saƙon kalma bayan kalma, ta tsaya daidai inda ya tsaya. Sai a bakinta na ji shi yadda duk unguwa ta ji shi. Ashe kowa ya samu. Na juya neman Malam Bakari, kujerarsa kawai na gani.

Kawu ya miƙe ya fita ƙofa, kofi a hannu. Wasu suka ja da baya, Malam Isiyaka ya tura yadin cikin babbar riga. Wani dattijo mai gidan abinci, Malam Garba, ya ba ƙofa baya, bai ga komai ba, yana ta bayani: “Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, faɗa ne kawai ya yi masa yawa.”

Kawu ya ce, “Amin, Malam Garba.”

Da salati ya lafa, dariya ta fara, sai ya tambaya a gaban kowa wa ya rubuta. Na ce, “Ni ne, Kawu. Gaisuwa ce ta ɗan yi tsawo.” Na roƙa a bar ni in tura na biyu in gyara. Ya ce in na sake taɓa na'urar nan sai ya karya mini yatsa.

“Kai ka kashe ni, kai za ka tashe ni. Da ƙafarka, shago-shago.”

Haka na yini ina yawo daga Messa zuwa Tsinga, in yi sallama in ce Alhaji na nan da ransa, kuma gas ya zo. Kunya kamar in nutse. Washegari na koma wurin madam na ce mata ko tambaya ɗaya ban gane ba rannan, ta sake daga farko a hankali. Ita aka bai wa aikin.

Bayan sati na yi ƙarfin hali na tuna wa Kawu maganar depo. Ya dube ni ya ce, “Na ga saurin da aka yi wajen shimfiɗa mini tabarma. Ba inda za ni.” Har yau yana kan kujerarsa, lafiyarsa ta fi tawa, ni kuma ina tsakar depo ina jera butel.

Na dai koyi cewa “ban gane ba” ba ta kashe kowa. Kuma yanzu duk wanda zan aika wa saƙo, ko surukina ne, sai na fara faɗin abin da ya kawo ni, sannan in tambayi lafiyar iyali.