Ƙotar Bindigar Don Eleuterio Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da hannuwa masu ƙamshin man katako har yanzu, Don Eleuterio Barragán na layin bayan coci a garin Victorica yana sanar da 'yan uwa, da tsoffin abokan farauta, da duk wanda ya taɓa tsarewa a bakin hanya ya ba shi labarinta ba tare da an tambaye shi ba, rasuwar ƙotar bindigarsa, wato katakon nan da ake dafawa a kafaɗa. Rai ya yi halinsa ne ranar Talata da misalin ƙarfe uku na rana, a rumfar aiki da ke bayan gida. Ta bar duniya tana da shekara sittin da ɗoriya, tara daga ciki a hannun mai ita ba dare ba rana.

Marigayiyar 'yar asalin itacen nogal ce. Ta shigo gidan Barragán manne da tsohuwar bindigar da kawun Don Eleuterio ya bar masa, kuma a lokacin babu mai kallonta sau biyu. Baƙa ce ƙirin saboda datti, jikinta duk tabo, ga wurin da wani kare ya taɓa gwada haƙoransa. Shekara da shekaru tana rataye a bayan ƙofa, ana ɗora mata hula. Sai da Don Eleuterio ya faɗo daga kan injin iska mai jawo ruwa, wanda gyaran irinsa ne aikin da ya yi shekara talatin da huɗu yana yi a gonakin mutane, likita ya ce daga yau ko tsani kada ya sake takawa, sannan tauraronta ya haska. Wata biyu mutumin nan yana zaune a tsakar gida yana kallon kaji, ba magana, ba askin gemu. Matarsa Doña Herminia ce da hannunta ta sauko da bindigar, ta ɗora masa a cinya, ta ce, "Tsoho, ko ka goge wannan ƙazantar, ko in ba masu sayen tsohon ƙarfe." Washegari ya yi aski. Doña Herminia ta sha faɗa daga baya cewa da ta sani, da ta bar shi da kajinsa.

Waɗanda suka zauna da marigayiyar sun shaida ta da haƙuri. Ranar farko aka raba ta da ƙarfenta, aka kankare mata tsohon fenti da fasasshen gilashi, ba ta ce uffan ba. Aka yanke mata faɗin yatsa biyu daga gindi saboda hannun Don Eleuterio gajere ne. Aka bi ta da magagari don ta zauna daidai da kuncinsa, aka sake bi don kuncin ya rame. Duk inda ta loɓa, sai ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ya danna mata dutsen gugar Doña Herminia har katakon ya taso. Dutsen gugar bai sake zama daidai ba, kuma duk farar rigar da aka je coci da ita daga gidan nan tun lokacin tana ɗauke da shaida a baya. Daga nan sai mai. Ɗigo uku a tafin hannu, a murza har hannu ya yi zafi, a rataye ta mako guda ta sha iska, a sake. Yana yin layi da fensir a jikin bango duk shafe ɗaya. Layukan sun kai ɗari biyu da goma sha biyu.

Sau bakwai aikin yana ƙarewa. Sau bakwai Don Eleuterio yana fito da ita rana, ya juya ta, ya kanne ido ɗaya, ya hango wani ɗan ƙarzane da ko ƙuda ba zai gani ba, ya koma ya ɗauko samfefa. Maƙwabta ba za su manta da muryarta ba. Shaf, shaf, shaf, tun kafin ruwan shayin mate ya yi zafi har rana ta faɗi. Matar gidan da ke jikin katanga ta ce jiya ta kasa barcin rana, shirun ya yi yawa.

A duk shekarun nan marigayiyar ba ta cutar da ko kurciya ba, domin ba a sake haɗa ta da ƙarfenta ba balle a yi harbi. Aladen dajin yankin nan sun yi babban rashi.

Gaskiya ne an yi ta maganganu a kan ramarta. Ruperto mahauci, abokin Don Eleuterio tun suna makaranta, yakan leƙo rumfar ya ce, "Mutumina, wannan kuma ƙota ce ko ludayi? In ka ƙara shekara ɗaya ka aiko min da ita in yi sakace." Don Eleuterio ba ya ko ɗaga kai. "Kai da ba ka san bambancin nogal da akwatin tumatir ba, je ka kori ƙudajenka." Amma shi ma ya san wuyanta, inda hannu ke kamawa, ya sirance fiye da kima. A watan Oktoba wata 'yar tsaga ta bayyana a wurin, siririya kamar gashi. Ya ɗura mata gam da sirinji, ya naɗe ta da robar tayar keke, ya zauna jinya. Ranar ce kuwa aka shirya liyafar cikarsu shekara arba'in da aure, a gidan Clotilde, yayar Doña Herminia, can garin Telén. Ya ce wa matarsa ta yi gaba, yana nan tafe da zarar gam ya kama. Ya isa ana wanke kwanuka. Doña Herminia ba ta yi masa faɗa ba. Ta zuba masa sauran nama mai sanyi, ta koma wajen baƙinta.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talata an yi zafi irin na Janairu, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar bazara. Don Eleuterio ya yi wa marigayiyar shafe, ya rataye ta a ƙusa kusa da ƙofar rumfa, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a kujera, barci ya kwashe shi. Doña Herminia ta taho masa da butar shayin mate. Tana sa kai ta ga macijin yarará, mai kaurin hannun yaro, ya naɗe a kan takalmin, kansa a ɗage, tsakaninsa da diddigen mijinta bai kai taƙi ɗaya ba. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye butar a hankali, ta miƙa hannu, abin da hannun ya tarar shi ta fizgo.

Tim. Tim. Ƙwas.

Wannan ce kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiyar. Don Eleuterio ya zabura ya tarar da maciji a mace a gabansa, matarsa tana haki, rabin ƙota a hannunta, ɗaya rabin can ƙarƙashin teburi. Ya dubi macijin. Ya dubi ƙafarsa. Ya durƙusa ya jawo rabin da ke ƙasa, ya share masa ƙura da gefen riga. Sannan ya buɗe baki, bayan shekara arba'in da aure, ya ce wa matar da ta ceci ransa, "Tsohuwa, ba ga shebur nan ba?"

Doña Herminia ta ajiye masa ɗaya rabin a cinya. Ta shiga ɗaki ta haɗa jaka, ta hau motar ƙarfe biyar zuwa Telén.

Kwana biyu Don Eleuterio yana zaman makoki shi kaɗai. Ya gwada haɗa gutsattsarin biyu ya fi sau hamsin, kowane gwaji sai wani ɓarɓashi ya zube. Ya ci busasshen burodi, ya ƙona tukunya, ya nemi inda ake ajiye maganin hawan jininsa ya rasa. Ruperto ya zo ta'aziyya, ya cire hula, ya tsaya a kan gawar, sannan ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Amma ni fa ban taɓa ganin jaki mai ƙafa biyu ba sai yau. Da macijin nan ya sare ka, wa zai kai ka asibiti, nogal?" Don Eleuterio ya ce ai shebur ɗin yana kusa. Ruperto ya mai da hularsa ya ce, "To ka auri shebur ɗin."

Ranar Juma'a ya yi wanka, ya sa riga mai shaidar guga a baya, ya naɗe marigayiyar a tawul, ya hau mota. Clotilde ce ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa, ta juya ta ƙwala kira, "Herminia, ga mai takaba nan ya zo." Doña Herminia tana zaune tana ɓare wake, ba ta ce masa zauna ba.

"Gawa ka kawo min in gani?"

"A'a." Ya juya hularsa a hannu. "Na zo ne in ce miki na duba macijin da kyau. Kan nan ya daku. Ko ni ina saurayi ba zan iya wannan bugun ba."

"Sai kuma me?"

"Sai kuma ban iya komai ba a gidan nan in ba ki. Ban ma san inda maganina yake ba." Ya ƙara da cewa, "Na gode, tsohuwa. Da bakin da ya kamata in fara ke nan."

Ta ci gaba da ɓare wake har ya fara tunanin ko ba ta ji ba. Can ta ce, "Yana cikin gwangwanin shinkafa, inda yake shekara shida." Ta watsa ɓawon a kwando. "Tunda ka faɗi gaskiya, ni ma bari in faɗa maka. Bugun farko ne ya kashe macijin."

Don Eleuterio ya ce, "To na biyun fa?"

"Na biyun na liyafata ne."

"Na ukun?"

"Na ukun ban san na mene ne ba. Daɗi kawai ya yi min."

Clotilde ta ce daga baya ta zaci mijin ƙanwar tata zai faɗi. Ya dafa bango, fuskarsa ta yi ja, sai ga dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da tari da hawaye, har sai da aka ba shi ruwa. Motar yamma ta dawo da su biyu, marigayiyar a wurin kaya.

Ta rasu ta bar mijinta, wato ƙarfen bindigar, wanda suka yi shekara tara ba sa kwana ɗaki ɗaya. Da kunama guda, wadda ake ja in za a yi harbi. Da sukurori huɗu, ɗaya ya ɓata tun bara. Da ɗamarar fata da ba a taɓa ɗaura mata ba don kada ta goge ta. Ta kuma bar magagari uku, da samfefa cike da akwati, da rabin gwangwanin mai wanda yanzu bai san inda zai sa kansa ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gindin itacen caldén da ke bayan gida. An roƙi limamin coci ya sa albarka, ya ce littafinsa ba shi da addu'ar katako, amma zai zo cin nama. Ruperto zai kawo haƙarƙari ya gasa. Don Eleuterio zai yi jawabi a kan halayen marigayiyar, kuma Doña Herminia ta ba shi minti uku, agogo yana hannunta. Bayan an rufe ƙasa za a kulle rumfar aiki na kwana tara, makulli a aljihun uwargida. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da kyautar katako, kowane iri ne, komai ƙanƙantarsa, kuma duk wanda ya ce ai ana sayar da sabuwa ta roba a birnin Santa Rosa ba zai ga nama ba.

Kowa ya taho da wuƙarsa da kujerarsa. A kuma sa takalmi mai rufi, don har yanzu ba a ga matar macijin ba.