Yadda Na Samo wa Marko Ɗan'uwa a Kano

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama tafinta tsakanin tsofaffi biyu, gaskiya ta ƙi fitowa daga bakina.

A 2019 ne, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, teburina kusa da na Marko, ɗan Italiya. Kullum in an tashi cin abinci sai ya duƙufa a kan kwamfuta yana duba takardar baftisma daga cocin ƙauyensu, da sunayen fasinjojin jirgin ruwa, da wani hoto da ya koɗe. Wan babansa yake nema, magini ne da ya tafi Najeriya tun kafin a samu 'yancin kai. Ya yi ta aiko da saƙo daga Kano, daga baya aka ji shiru. Baban Marko ya tsufa, ga rashin lafiya, kuma burinsa ɗaya ne: ya san inda wansa ya ƙare kafin shi ma ya tafi.

Ina jin an ce Kano na bugi ƙirji. Na ce, "Habibi, khalas, ya isa haka, rufe kwamfutar nan. Mu ba a takarda muke neman mutum ba, a baki muke nemansa." Ya ce in karɓi sunan da hoton, na ce ba sai an wahala ba. (Ni da ko gidan kawuna sai an yi min kwatance.)

Na kira Hajiyarmu na ce ana cigiyar zuri'ar wani Bature da ya zauna a Kano tun zamanin da. Hajiya ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta kai maganar gidan biki. Ba a jima ba aka ce an samu: wani Alhaji Sale a Fagge, fari sol, mai dogon hanci, kowa ya san babansa daga ƙetare ya zo. Na tambayi Gwaggo ko ta tabbatar ɗan Italiya ne, ta ce, "Kai dai akwai fi'ili. Ba fari ka ce ba?" Iyakar binciken da na yi ke nan.

Aka sa ranar kiran bidiyo a gidana da ke unguwar Karama. Matata ta yi waina, Marko ya zo cikin kwat, har abokai biyu na gayyato su ga aikina. A waya ɗaya ga tsohon, baban Marko, daga Italiya a kan gado, a ɗaya ga Alhaji Sale ya sha babbar riga, 'ya'yansa sun kewaye shi. Shi an ce masa danginsa na ƙasar waje ne ke nemansa, kuma a wajenmu wa zai ce ba ya son dangi?

Tsohon yana ganin fuskar Alhaji ya fashe da kuka, wai hancin mahaifiyarsu ne sak. Alhaji ma ya sa bakin rawani yana share ido. Ni kuwa sai hura hanci nake.

Sai Marko ya ce in tambayi sunan baban Alhaji da garinsu. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ai babana daga Labanan ya zo, yadi yake sayarwa a Kantin Kwari. Ko bulo ɗaya bai taɓa ɗorawa ba, Allah ya jiƙansa."

Kowa ya zubo min ido. Na ce da Turanci, "Yana gaishe ku." Marko ya ce sai me? Na ce, "Yana tambayar ya iyali." Abokaina suka sunkuyar da kai. Matata daga bakin ƙofa ta ce, "Baban Amira, ka ji tsoron Allah ka faɗa musu."

Na faɗa. Tsohon ya cire tabarau ya ajiye a ƙirji. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Alhaji Sale ne ya cece ni. Da ya fahimci abin da ya faru ya ce, "To ai mutum da sunansa ake nemansa, ɗana. Turo min." Marko ya tura sunan da hoton, bai ko dube ni ba. Alhaji da kansa ya je wani tsohon coci a Sabon Gari, aka buɗe masa littafin waɗanda aka binne, ga sunan nan. Ya nemo kabarin, ya sa aka share ciyawa, ya aiko da hoto. Tsohon ya gani da idonsa, kuma Marko ya ce tun ranar ya koma cin abinci.

Marko ya yafe min. Yanzu haka shirin zuwa Kano yake, Alhaji kuma ya rantse ba zai sauka a otal ba, tunda an riga an yi kuka tare.

Ni dai na ɗauki darasi. Idan za ka sa tsoho kuka, ka fara tabbatarwa a kan ɗan'uwansa zai yi shi.