Rediyon da Aka Aiko wa Ajin Kurame

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rabon Kayan Karatu da Duba Azuzuwa, ruwan sama mai zuba inda ya ga dama.

Bayan gaisuwa ta ban girma, da tambayar lafiyar iyali da ta kujera, Allah ya ja zamaninka. Ni ce Adawiyya Mati, malamar ajin ƙananan yara masu buƙata ta musamman a wata firamare da ke tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar. Yarana tara ne, babbansu shekararsa bakwai: kurame bakwai, da makauniya ɗaya mai suna Laure, sai Ilu mai keken guragu. Godiya na zo yi, da 'yan koke-koken da ba su taka kara sun karya ba.

Na ɗaya: rediyon da ofishinka ya aiko mana domin koyon sauraro ta iso, mun karɓa hannu bibbiyu. Ba mu bar ta ta yi ƙura ba. Hussaini, ɗaya daga cikin kuramen, ya gano cewa in aka ƙure muryarta aka kifa ta a kan tebur, teburin yakan yi rawar ɗari, sai kowa ya ɗora tafin hannu ana ta dariya. Laure da Ilu kaɗai ke jin abin da take faɗa, har Laure ta fi hedimasta sanin halin da duniya ke ciki. Littafin da aka aiko mata kuwa mai hotuna ne, launi goma sha biyu. Ta shinshina, ta ce a gaya maka yana da ƙamshi.

Na biyu: gangaren simintin da aka yi wa keken Ilu ya yi kyau matuƙa. Sai dai a bakin taga ya ƙare. Kullum Ilu yakan tura kekensa har ƙarshe, ya leƙo ya yi mana sallama, sannan in zagaya in goyo shi. Ranka ya daɗe, a ofishinku ma ta taga ake shiga?

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Ranar Talata sufetonka ya zo da lasifika a rataye. Ya tsaya a bayan yara, ya yi jawabin minti arba'in kan muhimmancin kasa kunne. Ya tambayi sunayensu, ba wanda ya waiwayo sai Ilu da Laure, wadda ta amsa wa kowa nasa. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce ya san irinmu masu satar wa yara amsa. A rahotonsa ya rubuta cewa yaran ba su da ladabi, malamarsu kuma wasa da yatsu take yini tana yi, don haka a rufe ajin a ƙarshen zangon nan, a watsa su cikin sauran azuzuwa.

Allah ya ba ka nasara, wasan yatsun nan shi ake kira maganar hannu. Bara aka kawo mini wata kurma, Tayyiba, tana da shekara biyar, tana cizo, tana jifa da takalmi, don ba wanda ya taɓa gane abin da take so. Watan jiya ta koma gida ta nuna wa mahaifiyarta da hannu cewa haƙorinta ne ke ciwo, uwar ba ta gane ba. Washegari uwar ta hau babur ta same ni, na fassara mata, ta zauna a ƙasa tana hawaye, ta ce in koya mata ita ma. Yanzu iyaye mata huɗu ke shimfiɗa tabarma a ajina duk ranar Alhamis in an tashi. A ajin yara tamanin, wa zai tsaya kallon hannun Tayyiba?

Ina roƙonka, kafin ka sa hannu a takardar, ka zo da kanka, tunda gani ya kori ji, mu kuwa mun fi kowa sanin haka. Akwai ma wata larurar. Kurame sukan raɗa wa mutum suna da alama, daga abin da suka gani a jikinsa. Sufeto ya samu nasa: baki na motsi kamar akuya na tuƙa. Kai kuwa da suka tambaye ni kamanninka, na ce ban taɓa ganinka ba. To, sunanka a wajensu yanzu shi ne a ɗaga kafaɗa a buɗe hannuwa. Sun ce in ka zo za su sake maka.

Taka mai biyayya, da baki da kuma yatsu goma,

Adawiyya Mati,
Ajin ƙarshe, kusa da bishiyar darbejiya.