Tsamiya Ba Za Ta Wuce Juma'a Ba

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na buɗe littafin da ba nawa ba, na ci karo da ranar mutuwata a rubuce.

Sai na fara gaya muku wani abu. A gidanmu da ke Sheshe ba mai kirana da sunan yanka. Tun ina zanin goyo kakarmu Hajiya Iya ta sa mini Tsamiya, wai saboda yadda nake yamutsa fuska. Sunan ya bi ni har sakandare.

To ranar na shiga ɗakin Anti Rukayya, matar Yayana, wai neman allura (turarenta na je fesawa, kamar yadda na saba in ta fita). A ƙarƙashin tebur na ga ƙulle-ƙullen ƙasa a leda, wata ja, wata da farin ɓawo a kai kamar kanwa. Wace mace ce mai tara ƙasa a ƙulli in ba mai sammu ba? Ga littafi a gefe. Akwai Turanci a saman shafin, na tsallake shi kamar yadda na saba yi a aji, idona ya sauka a kan Hausar:

“Tsamiya: an ƙara mata gishiri. Ta fara yin rawaya. Da wuya ta wuce Juma'a.”

Innalillahi! Na san Anti tana digiri na biyu a jami'a, kullum tana saman soro tana wani aiki, amma ban taɓa tambayarta ba, ban kuma taɓa hawa ba. Abin da na tuna kawai shi ne miyar jiya ta yi gishiri, kuma ita ta zuba mini da hannunta, har da murmushi.

Na ruga gaban madubi na gwale ido. Wallahi rawaya na gani. (Labulen ɗakin ne ruwan ɗorawa, amma wa ya tsaya duba labule?)

Daga ranar na daina cin girkinta. Gurasa zalla nake ci a ɓoye. Laraba jiri ya fara ɗibana, Alhamis na kasa ɗaga bokiti, na ce shi ke nan, abu ya kama. Na ba ƙanwata mayafina mai duwatsu. Na rama sallolin da ake bina. Anti kuwa sai ta tsare ni a tsakar gida tana cewa, “Tsamiya, kin rame fa. In dama miki kunu?” Na ce a raina, ka ji mai duba aikinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya shigo da wani dattijo mai furfura, wai Farfesan Anti ne. Suna zaune a tsakar gida da Hajiya Iya, na ji dattijon ya ce, “Rukayya, yaya tsamiyar? Ta mutu?”

“Saura kaɗan, Malam.”

Ban san lokacin da na fito ba, ɗankwali a hannu. Na zube na kama ƙafar Anti.

“Don Allah don Annabi ki warware! Ni ce na ƙarar miki da turare. Ni ce na ɗauki naman da aka ce mage ce. Ni na ce wa 'yan unguwa girkinki sai a hankali. Baba, ka roƙe ta, ko sakamakon jarrabawata ban gani ba!”

Hajiya Iya ta cire goro daga baki ta ce, “Ashe ba mage ba ce.”

Farfesa ne ya fara ganewa. Ya tambayi Yaya sunana, da ya ji sai ya dafe hularsa yana dariya har da tari. Ya ce, “Taso, 'yata, mu je ki gaida takwararki.”

A saman soro na tarar da 'yan tsirrai jere a baƙar leda: aduwa, magarya, bagaruwa, da wata 'yar tsamiya da ganyenta ya koma rawaya. Anti ta ce akwai garuruwan da gishiri ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa yana kashe itatuwa, tsuntsaye da ƙudan zuma su ƙaura, ciyawa ta ƙi fitowa. Ita gwadawa take ta ga wane icen ne zai jure, a dasa shi a can. Ƙullin ledar kuma ƙasar wuraren ce.

Ana kiran la'asar Farfesa ya duba idona ya ce, “Lafiyarki ƙalau, yunwa ce. A ba ta tuwo.”

Na ci malmala uku, Anti na tsaye a kaina tana tambaya ko gishirin ya ji. Har yau mayafina mai duwatsu bai dawo ba, ƙanwata ta ce kyautar mamaci ba a karɓe ta.

Yanzu in zan yi leƙen littafin mutane, daga saman shafi nake farawa, har Turancin.