Rigar Sanyin Baba Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da watan Yulin da na yi ina fama da sanyin dusar ƙanƙara a tsakiyar Riyadh ba. Eh, Riyadh ɗin da kuka sani, wadda in ka dafa sitiyari da azahar sai ka yi salati ba shiri. Bari dai in ɗauko muku daga farko, tunda kunyar na riga na sha ta har na ƙoshi.

Ni direban gida ne. Shekarata ta huɗu ke nan a wajen kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, Abu Fahad, mutumin kirki in dai ba ka ɗauki maganarsa da nauyi ba. Duk shekara in zafi ya tsananta, sai ya kwashi iyalinsa su tafi wani ƙauye a Ostiriya, a gindin wani dutse da Turawa ke wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ni kuma a bar mini gida: in ba shukoki ruwa, in riƙa tayar da motoci kar batir ya mutu, in ciyar da wata kyanwa mai girman kai da ake kira Lulu. To a shekarar nan, muna dawowa daga kasuwar Aziziya da kwalayen lemo da tumatir, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bana da kai za mu tafi, in sha Allah. Ka sha zafi ya isa."

Wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san akwai alkawarin da ake shirya jaka a kansa, akwai wanda ake cewa amin a wuce. Ni shekara huɗu ba ta ishe ni in gane ba.

Ranar Juma'a na kai labarin unguwar Shumaisi. A can mu Hausawa muke haɗuwa duk mako bayan an sauko daga masallaci, a ɗakin Baba Isuhu. Dattijo ne mutumin Damagaram, ya fi shekara ashirin yana ɗaukar kaya a kasuwar kayan gwari. Shi ya karɓe ni lokacin da na zo ban san ko yadda ake tambayar farashi ba. Shi ke tuƙa mana tuwo a wata tukunya da nake zargin ta girme ni. A ɗakin nan kaɗai nake jin Hausa da kunnena ba ta waya ba. Sauran kwana shidan, daga ni sai Larabcin "yalla" da "khalas".

Ban ce musu "ƙila" ba. Ban ce "an ce" ba. Cewa na yi, "Jama'a, a yi mini addu'a, Turai ta yi kira." (Har da gyara zama, Allah ya yafe mini.) Aka yi shewa, aka shafa fatiha. Malam Habu, ɗalibin jami'a da ke cikinmu, mai Larabcin littafi, ya karanto mini addu'ar tafiya tun daga farko har ƙarshe. Baba Isuhu kuwa ya sunkuya. Ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya tono wata rigar sanyi mai kauri, ruwan toka, tana warin kafur.

"Ɗana, riƙe wannan. Da ita na yi aiki a Tabuk. Sanyin can zai fi, amma za ta rage maka."

Saura kwana uku tafiya, Abu Fahad ya kira ni yana danna waya, ko kallona bai yi ba. Wai biza ba ta yiwu ba, za su ɗauki direba a can. "Mafi mushkila, ba damuwa, baɗi in sha Allah. Ka kula da Lulu." Shi ke nan fa. Na kai su filin jirgi, na jera musu akwatuna a kan amalanken kaya, na dawo gida ni kaɗai, rigar Baba tana rataye a ƙusa tana kallona.

Wallahi na yi niyyar faɗin gaskiya. Na buɗe gurup ɗinmu na waya, na rubuta "Tafiya ta fasu", na goge. Na sake rubutawa, na tuna fatihar da aka shafa, na sake gogewa. Washegari ina cikin wannan sai ga saƙon Malam Habu: "Matafiyi, an sauka lafiya?" Ban san lokacin da yatsana ya rubuta, "Alhamdu lillahi. Sanyi ba a magana." Daga nan na shiga uku.

Maƙaryaci yana bukatar kayan aiki. Abu Fahad ya taɓa turo mini shafin dutsen nan, inda ake sa yanayin wurin da yawan ƙanƙarar da ta zuba. Da Jamusanci aka rubuta, amma akwai hoto: dutse fari fat, rufin gidaje fari, ga wata lamba a gefe da na ɗauka tsayin ƙanƙarar ce. Kullum da safe in buɗe, in duba, in kai rahoto. Na lura hoton ba ya canzawa, amma na ce a raina ai ƙanƙara ba ta da wata kama sai fari. Na gaya musu layin wayata ba ya aiki a can, sai dai saƙon murya. Kuma saƙon ba haka kawai nake yin sa ba, a'a. Sai in ƙure esin ɗakina, in saka rigar Baba, in tsaya a gabansa har haƙorana su fara haɗuwa, sannan in danna.

"Jama'a, kuna jin iska? Yau ƙanƙara ta kai ƙugu. Sai da muka haƙa kafin ƙofa ta buɗu."

A waje kuwa rana tana narka kwalta. Lulu tana zaune a bakin ƙofa tana kallona, irin kallon da ba zan so mutum ya yi mini ba.

Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin ban yi dariya ba ko sau ɗaya. Tunda ina Turai, ba dama in je Shumaisi. Ba dama in leƙa Aziziya, don rabin masu ɗaukar kaya sun san fuskata. Sallar Juma'a ma sai in tuƙa mota zuwa wani masallaci a can arewa inda ba wanda zai ce mini sannu. In dawo, in zauna da burodi da laban, nonon nan nasu, a ɗakin direba, gida mai ɗakuna goma sha ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai ƙarar esi. Su kuma su turo hoton tuwo da miyar kuka, su rubuta, "Bature, mun ci da rabonka." In ƙura wa hoton ido in ga inda na saba zama, kusa da taga, an ajiye kwanon wanke hannu a wurin. Na kai har ina yi wa kyanwa hira da Hausa. Akwai ranar da na lissafa, na ga kwana tara ban yi magana da ɗan Adam ba sai mai kanti. Na ji kaɗaici a ƙasar nan a da, amma wannan da hannuna na gina shi.

A mako na uku saƙon Baba Isuhu ya shigo, ba a gurup ba, ni kaɗai. Muryarsa a sanyaye. Ya ce ba a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama, gwiwa ma ta gaji, zai koma gida gaba ɗaya. Jirginsa ranar Juma'a da yamma.

"Na so in gan ka kafin in tafi, ɗana, amma Allah bai nufa ba. Rigar ka riƙe, na bar maka. Ka dinga rufe kunnuwanka, sanyi ta nan yake shiga."

Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Tsakanina da ɗakinsa tafiyar minti talatin ce a mota.

Ranar Juma'ar na tashi na ɗauki babbar farar motar gidan na tafi Shumaisi, da niyyar in shiga in ce ga ni, a yi mini duk abin da za a yi. Na isa layin, na faka bayan wata motar ruwa. Ina hango ƙofar, ga takalma jibge. Can suka fito da jakunkunansa, Malam Habu na riƙe da tukunyar tuwon (ashe ya bar musu ita). Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rungumewa. Ya tsaya a jikin tasi ya daɗe bai shiga ba. Hannuna yana kan murfin mota. Na ce bari ya gama da wancan sai in fita. Na ce bari mutane su ragu. Ina ta bari, bari, har tasi ta ja. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Da na koma gida kuma, don rashin kunya, na tura saƙo cewa ƙanƙara ta hana mu fita yau.

Yanzu ga inda asiri ya tonu. Malam Habu ya tambaye ni yaushe za mu dawo, ni kuma, da yake ranar gaskiya ce, na faɗa masa har da lokacin saukar jirgi. Ban kawo komai a raina ba. Na manta mu mutane ne da ba ma barin namu ya sauka ba tariya.

Ina tsaye a Filin Jirgin Sarki Khalid bayan la'asar, cikin layin direbobi masu jiran iyayen gidansu, da jallabiya da silifas, makullin mota a hannu. Sai na ji an ce, "Kai! Ga Bature can!" Na waiga. Malam Habu ne da mutum biyu daga majalisarmu ta Juma'a, ɗaya yana rungume da filas na kunu. Na yi wuf na damƙi wani amalanken kaya da ke kusa, na turo shi kamar yanzu na fito.

"Ai na riga su fitowa," na ce. "Layinmu ya fi sauri."

Suka kalli amalanken, babu ko leda a kai. Suka kalli silifas. Malam Habu, bawan Allah, ya ce, "Ma sha Allah, kuma ba ka yi fari ba."

Kafin in nemo amsa, ƙofa ta buɗe. Ga Abu Fahad da riga mai gajeren hannu, rana ta ƙona masa hanci ya yi jawur. Ya ɗago mini hannu daga nesa yana tambaya da ƙarfi yaya gida, shukokin suna raye, Lulu tana cin abinci? Malam Habu ya matsa ya gaishe shi da Larabcin nan nasa mai wasali cikakke, ya yi masa barka da tsira daga ƙanƙarar da ta toshe musu ƙofa.

Abu Fahad ya tsaya. "Wace ƙanƙara?" Ya fashe da dariya. Wai ƙanƙarar dutsen ta narke tun watanni, an rufe wurin zamiyar, ba komai a sama sai ciyawa da shanu. Mako biyu ana ruwan sama, mako ɗaya kuma zafi har sai da suka sayi fanka, don masaukin ba esi. "Wa ya gaya muku?"

Idanu shida suka juyo kaina.

"Wannan?" Abu Fahad ya nuna ni, yana share hawayen dariya. "Ai shi yana nan tare da kyanwa!"

Ban san yadda na loda akwatunan nan ba. Abin da na tuna kawai, mai filas ya miƙo mini shi a hankali ya ce, "Ka tafi da shi dai, don kai aka dama."

Juma'ar da ta biyo baya na je, don na san in ban je ranar ba, ba zan sake zuwa ba. Majalisa ta koma ɗakin Malam Habu. Ina sallama wani ya tashi ya kashe esi, wai kar sanyi ya tayar mini da tsohon ciwo. Aka yi dariya har da masu buga ƙasa. Malam Habu ya karɓi wayata ya buɗe shafin, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasan hoton. Kwanan wata ne. Tun watan Afrilu, ranar da aka rufe wasan, ba a sake taɓa shi ba. Wata guda ke nan ina kawo musu labarin rana ɗaya. (Sunan da suka sa mini, Na-Ƙanƙara, har yau shi nake amsawa.)

Da aka watse, Malam Habu ya riƙe ni a bakin ƙofa. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce Baba ya bar masa saƙo a cikin tasi, ya ce kar ya faɗa wa kowa, kuma kar ya ba ni sai ranar da na dawo majalisa da ƙafata.

"Ya ce in gaya maka ya ga motar. Ya jira ka fito har direban tasi ya fara faɗa. Shi ya sa ma na je filin jirgi, na ɗauka ko idon tsufa ne."

Na fi son a yi ta yi mini dariya shekara goma da in ji wannan.

A ranar na kira Damagaram. Baba ya ɗauka, na yi sallama. Na ji kukan awaki a bayansa. Ya amsa, sannan ya ce, "Ɗana, ya sanyi?" Ya yi 'yar dariya, ya ce komai ya wuce. Ya yafe, na sani. Amma rungumar da kowa ya samu a bakin tasin nan, ni ban samu ba, kuma ba a turo ta a waya.

Abin da na koya? In za ka yi ƙaryar yanayi, ka duba kwanan wata. In kuma kunya ta zo maka, ka ji ta tun tana ta mutum biyar a ɗaki ɗaya da kwanon tuwo a gaba. Bana ma Abu Fahad ya ce da ni za a tafi. Na ce amin, na je na sayo abincin Lulu. Rigar tana nan a ƙusa, ban sake saka ta ba.