Allunan Malam Hattara

Duk wanda bai taɓa ganin Malam Hattara yana manna sanarwa ba, wallahi bai san yadda ake mulki ba. Mutum ne da Allah ya ba shi baiwar hango haɗari a inda ko kaza ba za ta yi tuntuɓe ba. Shi ke kula da wani bene mai hawa biyu da shaguna ashirin da shida, kuma da bakinsa ya naɗa kansa Darakta. Mai ginin, wata dattijuwa da ba ta son dogon surutu, ta ɗauke shi gwajin wata uku ne kawai. Idan ya yi, ta tabbatar da shi. Idan bai yi ba, ya koma gida zaman jiran tsammani, inda ya shekara biyu yana ƙirga ƙudaje. Wannan kujera ita ce ransa.

Sunan Hattara kuwa masu shaguna ne suka laƙaba masa, domin kowane allo nasa da wannan kalma yake farawa. Shi a ganinsa lambar girma ce.

A makon farko ya fara da matakala. Ya tsaya ya ƙare mata kallo, hannu a bayansa, sannan ya rubuta: "Hattara! Wannan matakala sama take zuwa. Mai son sauka ma ita zai bi." A ƙofar banɗaki ya manna: "Hattara! Idan ka ji motsi, akwai mutum. Idan ba ka ji ba, wataƙila mai kunya ne, ka ƙwanƙwasa." A famfon tsakar gini: "Hattara! Ruwan nan ba na sha ba ne. Wanda ya riga ya sha ya zo ofis ya rubuta sunansa."

Mai gyaran waya ya karanta wannan na ƙarshe, ya riƙe ciki ya durƙusa. Malam Hattara ya hango shi ta taga, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. A ransa ya ce, ga shi nan, ya sha ruwan kafin ya karanta.

Ba a nan hikimar ta tsaya ba. Ya rataye wani faffaɗan katako a baranda, daidai goshin mutum, aka rubuta: "Hattara da kanka, akwai allo a nan." Kafin a rataye shi babu wanda ya taɓa gwara kai a wurin, bayan an rataye shi mutum bakwai suka yi ƙulu a kwana biyu. Malam ya ce wannan kaɗai ya isa hujja cewa allon ya zo a kan kari. A filin ajiye motoci ya killace wuri mafi inuwa: "Hattara! Na motar Darakta ne. Darakta bai sayi mota ba tukuna, amma a bar wurin." Su ma ɓarayi bai manta da haƙƙinsu ba: "Hattara! Akwai kyamara huɗu a ginin nan. Biyu suna aiki. Ba za mu faɗi waɗanne ba."

Wata tela da ke hawa na biyu ce ta fara ɗaukar hotunansu tana turawa ƙawaye. Kafin wata ya ƙare, sai ga baƙi suna shigowa rukuni-rukuni, waya a hannu, suna bin allunan ɗaya bayan ɗaya. Kai, ranar nan Malam bai iya cin abincin rana ba don daɗi! Ya sayi sabon tabarau, ya ƙara biro biyu a aljihun gaba. Da ya ga an saita waya, sai ya matsa kusa da allo ya harɗe hannu a ƙirji.

"Jama'a, ku ɗauka, ilimi ba a ɓoye shi," in ji shi. "Ni dama na san wata rana za a zo daga nesa koyon tsari a wurina. Dariyar nan da kuke yi ma na fahimce ta. Haka mutum yake idan gaskiya ta shige shi ba zato."

A gida matarsa ta yi ƙoƙari, baiwar Allah. Ta ce, "Maigida, ƙanwata ta turo min hoton allon banɗakinku, kuma abin da aka rubuta a ƙasansa bai yi min daɗi ba." Ya ɗaga mata hannu, ya ce hassada ba sabon abu ba ne ga manya.

Ranar da wata uku suka cika, mai gini ta zo da sandarta. Ta zaga ko'ina, Malam na biye da ita yana bayani kamar mai nuna gonar gado. Ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. A ofis ta zauna, shi kuma ya tsaya a gabanta.

"Malam, rufin baya yana yoyo, ba ka gyara ba," ta ce. "Fitilun baranda sun mutu. Na zo da niyyar sallamarka."

Malam ya yi sauri ya ce, "Ranki ya daɗe, ai na sa allo a kan yoyon."

"Na gani. Amma masu shaguna sun roƙe ni in bar ka. Sun ce tun da aka gina wurin nan ba a taɓa samun jama'a haka ba. Mutane suna zuwa su yi maka dariya, in sun gaji su sayi kaya. Don haka na tabbatar da kai. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka yarda kowa ya gyara maka rubutu. Yadda kanka yake, ka bar shi haka."

Ta fita. Malam Hattara ya zauna a kujerar da ta zama tasa, ya cire tabarau. Gaskiya abin ya soke shi, ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Ya tuna kowane hoto da ya harɗe hannu a ciki.

Amma babban mutum ba ya barin jama'a cikin ruɗani. Ya jawo kwali mafi girma, ya zaɓi alƙalami mai kauri, ya rubuta a tsanake, ya fito ya manna a babbar ƙofa da hannunsa: "Hattara! Mutanen da za ku gani suna dariya a ginin nan, ba da Darakta suke ba. An tambaye su."

Kafin ya koma ofis, layin masu ɗaukar hoto ya kai bakin titi.