Kwalaye a Ƙarƙashin Gadon Kaka

"Lafiya lau, sai gajiya. Ke fa tsohuwa, har yanzu kina nan kina tare wa mutane wuri?"

"Ina zan tafi in bar ka da tsiyarka? Shigo, mijin da ba cefane."

Marubucin ya shiga ɗakin kakarsa, ya zube a bakin gado. A ƙarƙashin gadon nan kwalayen littafinsa suke jibge tun ranar da aka kawo su daga maɗaba'a, wasu ko igiyarsu ba a kwance ba. Ina ne bai kai littafin nan ba? Gidan rediyo, makarantu, shagunan littattafai, yana ta washe baki kamar mai neman ƙuri'a. Mai shirya fim ne kaɗai ya rage masa, yau kuwa daga can yake. Shi ya sa ya zo da niyya ɗaya: ya kwashe kwalayen ya kai wa mai shagon bakin titi da ke sayen takarda a kilo don ƙunshe kaya, a wuce wurin.

"Tun daga ƙofa na ji takunka," in ji Kaka. "Takun korarre ne. Ina fim ɗina?"

"Fim ɗinki? Da wace fuskar? Kyamara in ta hango ki ai tsagewa za ta yi."

"Kakanka da ya fi ka hanci sai da takalminsa ya suɗe don zarya. Bar kewaye-kewaye, me mutumin ya ce?"

"Ya rungume ni, Kaka. Ya ce bai taɓa karanta littafi mai daɗinsa ba, wai har hawaye ya yi."

"To madalla!"

"Ina duba ƙasa sai ga kwafin da na ba shi, a cikin ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Da shi aka tokare ƙafar fanka."

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Ashe littafin yana da amfani! Ni da na ɗauka ɓeraye kaɗai yake yi wa aiki."

"Ki yi dariya, naki na tafe. Cewa ya yi zai yi fim ɗin in an cire tsohuwar."

Nan dariyar ta tsaya. Littafin nan kaf labarinta ne, na matar da ta raini marayu da keken ɗinki har ƙafarta ta kumbura, daga bakinta ya kwashe shi tun yana ƙarami.

"Ni za a cire?"

"Ke. Wai ba mai ɓata lokacinsa ya kalli tsohuwa. A sa budurwa mai mota, ke kuma ki mutu tun kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa."

"Shi dai ya mutu! Bai san da tsohuwar zuma ake magani ba? Kai kuma ka tsaya kana lashe baki, ko?"

"Na ce masa in aka cire ki saura bangon littafi. Ya ce to Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Na sunkuya na zare abina, fankar ta kife a kan teburinsa."

"Yauwa! Yau kam ka yi abin maza, na fasa kai ƙararka."

Bai yi dariya ba. Gaskiya ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. "Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, Kaka. Matsar da ƙafarki in ja kwalayen nan, mai shago na jira."

"Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Na dafa. Romon ne babu."

"Wato ni za ka kai a ƙunshe ƙusa da sabulu a cikina? Ba ka isa ba, ɗan nema!"

Ta kai hannu za ta damƙe wuyan rigarsa yadda ta saba, sai ta damƙi iska. Ta sake lalube, ta kamo ƙarfen gado. Marubucin ya bi ɗakin da kallo. Sai yanzu ya lura da talabijin ɗin da ya saya mata, an lulluɓe shi da zani, an ɗora kwanuka a kai. Shi ne ya yi mata alkawari da bakinsa: tunda ba ta iya karatu ba, a allo za ta ga labarinta.

"Kaka, tun yaushe?"

"Idon? Ya daɗe da yin murabus, kallonka ne ya ishe shi."

"Kuma kullum kina tambayata fim?"

"In ban tambaya ba me zai fitar da kai daga ɗaki, malalaci? Ni ko an yi shi gobe, duhu zan kalla." Ta gyara zama. "Ka kai wa masu rediyo, ka kai wa mai fanka, ni mai labarin ka mayar da ni mai gadin kwali. Bakinka ciwo yake? Ko karatun ne kai ma ba ka iya ba?"

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi. Wata da watanni littafin na kwance a ƙarƙashinta, bai taɓa karanta mata ko layi ɗaya ba. Ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla.

"Kin ci ni, amarya. Na sallama."

"Da ma yaushe ka taɓa ci?" Ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro alewa guda, ta miƙa. "Ungo ladanka. In na ji ka kashe ni a shafin farko, kai ma a kilo zan sayar da kai."

Ya karɓa, ya ɓare ledar kwafin nan mai shatin ƙafar fanka, ya gyara murya. Kaka ta juyo da fuskarta don ta dube shi, ta tsayar da ita daidai kan bango, kaɗan daga gefen kafaɗarsa. Bai gyara mata ba. Ya matsa a hankali zuwa inda take kallo, ya fara.